Teburin Baba

Ƙanena Boon Leong ya ce idan Baba ya sake ɓata ko sau ɗaya ne, gidan tsofaffi za a kai shi. A tsaye ya faɗe ta, wata ranar Lahadi, makullin mota a hannu, yana duba agogo. Shi da yake zuwa sau ɗaya a mako da ledar lemu, ya zauna minti arba'in, ya tambayi Baba ko ya gane shi, ya kama gabansa. Ni da nake yi wa tsohon wanka, in aske shi, in yanke masa farce, in canza zanen gado kafin gari ya waye, ba a tambaye ni ba. Ba dole ba ne ma a tambaye ni. Shekara shida da suka wuce, lokacin kan Baba yana daidai, sun je wurin lauya su biyu, Baba ya sa hannu a takardar da ta ba Boon Leong ikon yanke hukunci a kansa idan hankalinsa ya gushe. Shi ne ɗa namiji. Ni Gek Hoon ce kawai, wadda ta goyi ɗa namijin tana da shekara tara.

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa ɓata, shi ma ba laifinsa ba ne. Bara aka sake wa benenmu fenti, daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, ya sauko ya waiwaya bai ga gidansu ba. Bayan awa ɗaya aka same shi a tashar bas. A kan wannan awa ɗayar Boon Leong ya kafa mini doka, daga ranar kuma na ɗinka lambar wayata a bakin kowace rigar Baba.

Rumfar Baba ta sayar da kopi, wato gahawa, tana kasuwar abinci ta unguwarmu, taku ɗari biyu daga ƙofar lifta. Shekara arba'in da bakwai ya yi a gaban butar nan yana tace kopi da dogon matacin ƙyalle, ni kuma yau shekara huɗu ke nan da na gaje shi. Dala ɗaya da santi ashirin kofi. Da na ƙara santi goma a kai, wata guda mutane suka yi suna harara ta kamar na cinye musu gado, alhali su ɗin ne za ka gani a manyan shaguna suna biyan dala bakwai don a rubuta musu suna a jikin kofin takarda. Wannan dai wata maganar ce.

Abin da Boon Leong bai sani ba, saboda bai taɓa zuwa da safe ba, shi ne yadda muke tafiyar da yininmu ni da Baba. Ƙarfe biyar nake saukowa in ɗora ruwa. Biyar da rabi in ajiye fakitin tishu a kan teburin da ke kallon rumfarmu, wanda ke jikin ginshiƙi, inda fanka take kaiwa. Mu mutane ne da za ka bar tishu na santi talatin a kan tebur da tsakar rana, mutum goma su yi ta zagaye da tire a hannu, miyarsu tana hucewa, ba wanda zai matsar da shi. An kama wuri, an kama. Nawa tishun na ɗaure shi da jar roba don Baba ya gane shi. Ƙarfe bakwai da rabi sai ga shi ya sauko shi kaɗai, ya tsuke farar rigarsa cikin wando, ƙafafunsa sun san hanya ko da kansa bai sani ba. Ya ga jar roba, ya zauna. In kai masa kopi-o, baƙi, sukari rabin cokali. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, “Gek Hoon, hannunki ya yi nauyi.”

Kullum haka yake cewa, kuma a duk tsawon yini nan ne kaɗai yake kiran sunana. A gida wani lokaci ni ce mahaifiyata da ta rasu, wani lokaci matar da ta shigo satar masa takalma. A teburin nan kuwa ya san ni, ya san rumfarsa, yana gyaɗa wa tsofaffin abokan ciniki kai. Nan yake zama har ƙarfe ɗaya in rufe mu hau tare. Da teburin nan nake iya sana'a kuma in riƙe ubana a gida, ba ni da wata dabara bayan ita.

Sai lokacin zaɓe ya zo. Kwana tara ne kamfe, amma a kwana taran nan sai ka rantse unguwarmu ce cibiyar duniya. Kowane turken fitila da fuskar mutum yana murmushi. Motoci masu lasifika suna zagaye suna gode mana a harshe huɗu. Mutanen da ba ka gani ba tun zaɓen da ya wuce sai ga su a kasuwa suna damƙe maka hannu, kana riƙe da tafasasshen ruwa, suna tambayarka ko akwai abin da ke damunka. Boon Leong ya daɗe yana yi wa wani ɗan takara, Mista Seah, hidima, yana raba masa takardu, yana riƙe masa lema. Mutumin da bai iya samun safiya ɗaya ya zauna da ubansa ba ya ɗauki hutun kwana tara cur daga ofis saboda Mista Seah.

Ranar Laraba da yamma Boon Leong ya kira ni.

“Yaya, ciniki na kawo miki. Gobe Mista Seah zai zagaya kasuwarku. Kofi arba'in muke so kafin ƙarfe takwas.”

“Arba'in? Hannu nawa ka ga ina da shi?”

“Haba Yaya, ke ko alheri aka kawo miki sai kin yi faɗa. Akwai ma wani abu da na shirya, za ki ji daɗi.”

Ban tambaye shi ko mene ne ba. Ina tsakiyar lallaɓa Baba ya haɗiye magani, na ce to, na kashe waya. Har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan.

Washegari na ajiye tishuna da biyar da rabi kamar kullum. Bakwai saura 'yan kamfe suka fara shigowa, duk riga iri ɗaya, duk da waya a kunne. Wata yarinya ta miƙo mini takardar oda, na duba na ji kaina ya yi zafi. Kofi arba'in, kusan babu biyu masu kama da juna. Wannan baƙi babu sukari, wancan da madara amma kaɗan, wani da ƙanƙara, wani mai kauri, wata kuma shayi take so amma kada ya yi ja sosai. Ga masu zuwa aiki sun ja layi har gaban rumfar Rosnah, maƙwabciyata mai sayar da shinkafar kwakwa, suna tsaki suna duba waya. Na juya wa kasuwa baya, na duƙufa a kan buta. Ina zubawa, ina tacewa, ina ɗauraye kofi, tururi yana cika mini tabarau. Ban ɗago ba da bakwai da rabi. Shekara huɗu ina ɗagowa da bakwai da rabi, ranar ban ɗago ba.

Takwas da kwata na ji tafi daga bakin kasuwa, na san mai gayya ya iso. Ya bi rumfa rumfa yana gaisawa, masu hoto suna ja da baya a gabansa. Can sai ga Boon Leong a bakin rumfata, fuska sai sheƙi take yi.

“Yaya, ina Baba? Mista Seah yana jiransa.”

Na ɗago. Mista Seah ne zaune a teburin Baba, a kan kujerar Baba, ya naɗe hannun riga. A gabansa ga sabon fakitin tishu fari fes an ɗora shi a kan takardar kamfe. Na dubi teburin gaba, irinsa. Na gaba da shi, irinsa. Duk layin da ke gaban rumfunanmu, tebur bakwai, an kame su da sababbin tishu. Na dawo da idona kan ƙanena sai na hango jar roba ta leƙo daga aljihun rigarsa.

“Me tishuna yake yi a aljihunka?”

“Au, wannan? Duk ya yi maiƙo, Yaya, ga masu hoto. Na sa sabo ne. Ai Baba na kama wa teburin. Mista Seah zai zauna da shi su sha kopi, tsohon da ya fi kowa daɗewa a kasuwar nan. Abin da na ce miki na shirya ke nan.”

“Ƙarfe nawa ka canza shi?”

“Bakwai, ko da 'yan mintuna. Wai me ya faru ne? Tishu ne fa.”

Rosnah ta fito daga rumfarta da ludayi a hannu. Na ga fuskarta na san ta riga ni ganewa.

“Gek Hoon, na ga Kawu da bakwai da rabi,” in ji ta. “Ya zo ya tsaya a kan teburin, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya matsa na gaba, ya duba, ya matsa na gaba. Wallahi na ɗauka bayan gida zai zaga. Ga mai a wuta, ga mutane. Na ɗauka ya dawo tuni.”

Baba ya manta sunan matarsa. Ya manta yana da ɗa. Wata rana sai na tuna masa yadda ake riƙe cokali. Amma bai manta ba a zama a teburin da wani ya kama, ko da teburin da ya shekara huɗu a kansa ne. Ya ga tishun da ba nasa ba, ya ba mai shi wuri, ya tafi neman inda babu kowa.

Ban san lokacin da na fito daga rumfar ba. Matacin yana hannuna yana ɗiga a ƙasa. Na tsaya a kan Mista Seah, ya miƙe da murmushi ya miƙo hannu, ya ce, “Gwaggo, ina kwana,” ni da ban fi shi da shekara biyar ba.

“Tashi daga kujerar nan,” na ce. “Kun zo ku arba'in kun kame kasuwa da tishu kamar ta ubanku. Ka san wa ke zama a nan? Ka tambaya? Wannan da yake riƙe maka lema, tambaye shi ƙarfe nawa ubansa yake tashi. Tambaye shi wane magani yake sha. Bai sani ba. Shekara huɗu ni kaɗai nake fama. Ni ce wanka, ni ce kashi da fitsari, ni ce rumfa. Rabon da in yi barcin awa huɗu a jere har na manta. Na gaji. Bayana ya ƙage, hannuna duk ƙuna. Abu ɗaya na tsara a duniyar nan da yake tafiya daidai, kun zo kun rushe shi saboda hoto.”

Kowa a kasuwa ya juyo yana kallonmu. Boon Leong yana ta “Yaya, Yaya, mutane,” na ce masa ya rufe mini baki ko in rufe masa da matacin nan. Masu hoto suka sauke kyamarorinsu. Wata mata mai gajeren gashi da ke tsaye bayan Mista Seah ita ce kaɗai ba ta daina abin da take yi ba, tana ta rubutu a ɗan littafinta. Na gan ta, ban kawo komai a raina ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na so. Mista Seah bai yi girman kai ba. Ya tambayi shekarun Baba da kalar rigarsa, ya karɓi hotonsa daga wayata, ya raba mutanensa huɗu huɗu ya tura su benaye da tashoshi, ya sa aka kira 'yan sanda. Cikin minti biyar ya gama. Irin mutanen nan ne da suka iya aiki, shi ya sa ma suke da ban tsoro. Ya ce mini, “Za mu same shi, kuma ba zan manta da abin da kika faɗa ba.” Na ɗauka irin maganar kamfe ce.

Rosnah ta kashe mini wuta ta ja ƙofar rumfa. Na hau gida, babu shi. Na bi matakala hawa goma sha biyu ina leƙa kowane lungu. Na je tashar bas ta bara, na je bakin magudanar ruwa na leƙa ƙasa. Boon Leong yana biye da ni, rigar kamfe ta jiƙe sharkaf.

“Da kin gaya mini zancen robar nan,” in ji shi.

“Da ka tambaya.”

“Yaya za a yi in san mutum zai ɓata saboda tishu?”

“Da zuwa. Haka ake sani. Ana zuwa ne a zauna.”

Sai ya ce, a hankali, “Kin dai san abin da muka yi magana.” Na juyo na dube shi. Ubanmu yana wani wuri cikin rana ba hula, ba ruwa, shi kuma har ya fara lissafin dokarsa. Da a ce akwai abu a hannuna a lokacin, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Biyu saura wayata ta yi ƙara. Wata mai share tebura ce daga kasuwar abinci ta unguwar da ke gaba da tamu, tafiyar kilomita uku. Ta ga lamba a bakin rigar wani tsoho.

Muka same shi zaune a ƙasa, ya jingina da ginshiƙi. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayar ƙafar duk ta kumbura. Goshinsa ya fashe, wandonsa ya jiƙe ya bushe. Matar, wata tsohuwa da ba ta fi shi ƙarfi ba, ta ce tun wajen sha biyu ya shigo, daidai lokacin da 'yan ofis suke cika wurin. Ya yi ta zagaye, ta ƙirga sau shida. Kowace kujera da tishu, ko lema, ko katin aiki. Ta nuna masa wani wuri, ya ce da mutum. Ta nuna masa wani, ya ce da mutum. Ta kawo masa nata ɗan bencin, ya ce na wani ne. Yana nan a tsaye har ƙafarsa ta gaza ya faɗi ya bugu da gefen tebur.

Na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, ni ce.” Ya dube ni, ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya ce, “Ki yi haƙuri, yanzu zan ba ki wuri.” A nan na yi kuka, a gaban 'yan ofis masu cin taliya, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Ranar Asabar aka yi zaɓe, na bar shi da Rosnah na je makarantar firamare na bi layi, na danna alama a takarda har ta kusa hujewa. Ba zan faɗi inda na danna ba. Mista Seah dai ya ci.

Ranar Litinin na sauko da Baba da kaina, na riƙe masa hannu. Na sayi sabuwar jar roba, na murza fakitin a tafin hannuna don ya yi kama da tsohon. Ya tsaya a kan teburin ya ƙi zama. Na ce naka ne, Baba. Ya ce da mutum. Na zauna na ja shi, ya fizge. Tsofaffin abokan cinikinsa suka taru suna lallashi, Kawu zauna mana, wurinka ne, ya yi ta ba su haƙuri yana ja da baya. Talata haka, Laraba haka. Na kawo masa kopi-o a tsaye, ya sha bai ce komai ba. Bai sake kiran sunana ba.

Na koma buɗe rumfa awa uku kacal, ina kulle shi a gida da rediyo, ina hawa in duba shi kowane rabin awa. Masu saye suka fara komawa rumfar can ƙarshe, wurin yaron da yake haɗa kopi da inji. Ban damu ba. Na gaya wa Boon Leong zan rufe rumfar gaba ɗaya idan ta kama, ko in nemi mai taya ni, ya ba ni lokaci kawai. Ya ce zai yi tunani. Na san gidajen tsofaffi suna da dogon layi, Rosnah ta ce surukarta ta daɗe tana jira, sai na kwantar da hankalina da cewa kafin layi ya zo kanmu na samo wata dabara.

Mako bakwai bayan zaɓe Boon Leong ya zo ranar Talata, ba Lahadi ba, babu ledar lemu. Ambulan ne a hannunsa.

“Yaya, an samu gado. Ranar Juma'a. Wuri mai kyau, akwai lambu.”

“Wane irin gado? Ai akwai layi.”

“Mista Seah ne ya rubuta mana wasiƙa. Ya ce abin da ya faru ya tsaya masa a rai. Shi da kansa ya yi ta bibiya.”

Ya miƙo mini kwafin. Na sa tabarau. A sakin layi na biyu na ga maganata, an wanke ta an goge ta da harshen ofis. 'Yarsa, wadda ke jinyarsa ita kaɗai tsawon shekara huɗu, ta bayyana a gaban jama'a cewa ta gaji, ba ta samun barci, lafiyarta tana taɓarɓarewa. Har ƙunar hannuna suka sa. Matar nan mai gajeren gashi ba ta bar ko kalma ɗaya ba.

“Ban ce na gaji da shi ba,” na ce.

“Kin ce kin gaji, Yaya. Kowa ya ji.”

“Da kai na gaji. Da kai da lemunka.”

“To ki zage ni, na yarda, ni na jawo. Amma dubi idonki. Dubi yadda kika rame. Kina kulle shi a ɗaki kamar kaza, in gobara ta tashi fa? Taimakonki ake yi.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaske yake. Duk da gaske suke, shi da Mista Seah da mai littafin. Na buɗe baki sau ɗaya a shekara huɗu, suka saurara da kyau, suka ɗauki maganata suka gina wa ubana hanyar fita daga gidansa da ita. Na ce ban yarda ba. Ya ce ya riga ya sa hannu. Na je ofishin unguwa washegari, wata yarinya mai ladabi ta ba ni ruwa, ta duba kwamfuta, ta ce sunan Mista Foo Boon Leong ne a takardar, amma ana maraba da ni in ziyarci Baba kullum daga goma na safe.

Ranar Juma'a na haɗa jakar da kaina, don ban yarda wani ya san wace riga ce take masa ƙaiƙayi ba. Muka sauko a lifta mu uku. Motar Boon Leong tana bakin bene, ya buɗe ƙofar baya. Na ajiye jakar a ƙasa, na koma gefe, na harɗe hannu.

“Kai ke da takarda,” na ce. “Sa shi.”

Ya matsa ya ce, “Baba, zo mu je yawo.” Baba ya dube shi sama da ƙasa, bai san shi ba. Boon Leong ya kama masa gwiwar hannu, Baba ya damƙe ƙarfen da ake jingina keke da hannu biyu. Hannun da ya shekara arba'in da bakwai yana ɗaga buta ba ya sakin abu da sauƙi. Boon Leong ya ja, Baba ya ƙanƙame. Ya fara rawar jiki, yana kiran mahaifiyarsa da harshen garinsu, matar da ta rasu tun ba a haife ni ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta baranda.

“Yaya, don Allah,” in ji Boon Leong. Hawaye ne a fuskarsa. “Ke kaɗai yake bi.”

Na tsaya. Na so ya ɗanɗana, na so ya ji yadda abin yake ko na minti biyar ne, kuma na bar shi ya ji. Amma ba Boon Leong ne yake rawar jiki ba. Na ga yatsun Baba sun yi fari a kan ƙarfen, na ga bakinsa yana motsi, na san ko na hana yau, ranar Litinin za su dawo da maza biyu masu farin kaya da keken guragu, su ɗauke shi yana ihu.

Na matsa kusa da kunnensa na yi magana da muryar da nake yi masa da safe.

“Baba, mun makara. Mutane sun yi layi a rumfa.”

Ya daina rawar jiki. Ya saki ƙarfen, ya dube ni da faɗa a fuskarsa.

“Shi ne ba ki tashe ni ba?”

Ya gyara rigarsa cikin wando, ya shafa gashinsa, ya shiga motar da ƙafarsa. Na shiga kusa da shi na ɗaura masa bel. Ya zauna a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, ya leƙa gaba ya taɓa kafaɗar ɗansa.

“Direba, yi sauri, jama'a suna jira.”

Boon Leong bai tayar da motar ba. Ya dube ni ta madubi, yana jira in ce masa wani abu.

“Ka ji abin da ya ce,” na ce. “Ja mota.”